Amsoshin Tambayoyinku: Wane irin fuli ya dace da gindin jigon jirgin ruwa mai filafilai?

TAMBAYA

Ni mai bibiyar wannan fili ne, ina zaune a Southampton ta ƙasar Ingila. Ni da abokan aikina biyu mun haɗa kuɗi mun sayi tsohon jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, irin wanda iska ke turawa, tsawonsa mita 11, ƙirar shekarun 1980. Jigonsa, wato doguwar sandar da ke ɗauke da filafilai, ya ratsa rufin ɗaki ya sauka har ƙasan jirgi. A inda ya ratsa rufin akwai zoben alminiyom mai ɗauke da fuli shida, ta nan igiyoyi ke karya kwana su nufi baya wajen mazaunin matuƙi. Tayoyin fulin sun koɗe suna zubar da gari, ɗaya ma ta tsage, ɗaga babban filafili kuwa sai mutum ya jiƙe sharkaf da gumi. Mai shago ya ce in sauya su duka da masu boris. Wani abokina kuma ya ce zobban zamani marasa taya sun fi araha da ƙarfi. Igiyoyinmu masu kaurin milimita 12 ne, wincinmu lamba 40. Burinmu mu gangara tsibiran Kanari, in Allah ya yarda mu tsallaka Tekun Atlantika. Wanne zan saya? Sannan wata 'yar tambaya da ba ta shafi wannan ba: me ya sa ƙofar banɗakin jirgin ke cijewa duk lokacin da iska ta yi ƙarfi?

AMSA

Allah ya sanya alheri a wannan jirgi naku. Taƙaitacciyar amsa ita ce kada ka sayi iri ɗaya guda shida, domin igiyoyin nan shida ba aiki ɗaya suke yi ba. Abu uku za ka duba kafin ka zaro kuɗi: nauyin da kowane fuli zai ɗauka, ƙarfin abin da aka maƙala shi a kai, da kuma hanyar da igiya ke bi ta shiga ta fita. Tambayarka ta ƙofar banɗaki ma tana cikin waɗannan ukun, za mu iso kanta.

Fara gano inda wahalar take

Taya da ta tsage dole a sauya ta, wannan babu gardama. Garin da kake gani alama ce rana ta cinye robar, kuma wadda ta tsage ta riga 'yan'uwanta ne kawai. Amma ban yarda tukuna cewa fulin gindin jigo ne kaɗai ke sa ku gumi ba. Igiyar ɗaga babban filafili tana da doguwar tafiya: daga kan filafili ta hau ƙololuwar jigo, ta bi ta kan taya a can sama, ta gangaro ta cikin jigon, ta fito ta wata kafa, ta karya kwana a gindi, ta ratsa jeren tayoyin da ke kwance a kan rufi, ta shiga birkin igiya, sannan ta isa winci. Ko'ina ta taɓa sai ta bar wani abu na ƙarfinka a wurin. A misali, in kowace kwana tana cinye kashi 10 cikin ɗari, bayan kwana uku kashi 73 ne kawai zai rage.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ranar da iska ta kwanta, ka tsaya a jikin jigo ka kama igiyar daga inda ta fito, sama da fuli, ka ja da hannu. In filafilin ya tashi da sauƙi har kusan sama, to matsalar tana daga gindin jigo zuwa baya. In kuwa nan ma da nauyi, sai ka duba 'yan maƙalan da filafili ke zamewa a kansu cikin kwarin jigo, da tayar ƙololuwa, da kuma ko igiyoyi biyu sun sarƙe a ciki. Jiragen wancan zamani da yawa an ƙera su da igiyar waya, tayar samansu tana da siririn kwari wanda ke matse igiyar zare. Sabon fuli a ƙasa ba zai warkar da wannan ba.

Ka kuma dubi igiyar kanta. Tsohuwar igiya da ta sha gishiri takan kumbura ta sandare, har ta riƙa gogar kumatun fuli. Sau da yawa a irin jirginku, komawa milimita 10 mai zuciyar Dyneema yana rage wahala ƙwarai, da sharaɗin birkin igiyarku zai iya cafke wannan kaurin.

Lissafin nauyi

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Nauyin da ke kan fuli ba daidai yake da wanda ke kan igiya ba, ya danganta da yadda igiyar ta karya kwana. In ta kauce da digiri 30, fuli na ɗaukar kashi 52 cikin ɗari na nauyin igiya. A digiri 60, kashi 100. A digiri 90, kashi 141. In ta yi juyin komawa inda ta fito, wato digiri 180, ninki biyu ke nan. Igiyar da ta sauko daga jigo a tsaye ta kwanta ta nufi baya ta karya kwana ta kusan digiri 90, don haka fulin gindin jigo kullum yana ɗauke da abin da ya fi na igiyarsa da kashi 41.

To nawa ne nauyin igiyar? Wincinku zai ba mu iyaka. Lamba 40 tana nufin a giyarsa mai ƙarfi, da hannun juyawa mai tsawon inci 10, yana ninka ƙarfin damtsenka sau 40 a lissafin takarda. In ka tura da ƙarfin kilo 15, kilo 600 ke nan, ko da yake gogayya a cikin wincin tana rage wani abu. Mu ɗauki kilo 500 a matsayin abin da zai iya hawa kan igiyar ɗaga babban filafili. Ninka shi da 1.41, ka sami kilo 705. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da fulin wannan igiya zai iya ɗauka yau da gobe, kuma mai niyyar tsallaka teku ya kamata ya ƙara rara a kai.

A takardar kowane fuli na kirki za ka ga lamba biyu: nauyin aiki da nauyin karyewa. Na karyewa yakan kai ninki biyu na nauyin aiki ko fiye, shi ya sa ya fi daɗin faɗa a bakin mai talla. Kai dai da nauyin aiki za ka yi lissafi. Fulin da aka ɗora wa fiye da nauyin aikinsa ba lallai ya fashe nan take ba, sai dai sandar tsakiyarsa ta lanƙwashe ko borisinsa ya lotse, daga nan ya daina juyawa. In kuma wata rana kuka sa wincin lantarki, a sake lissafi daga farko, domin mai danna maɓalli ba ya jin lokacin da abu ya cije.

Boris, bushin ko zobe?

Fuli iri uku ne ta fuskar abin da taya ke juyawa a kai. Kamfanin Seldén na ƙasar Suwidin ma haka ya kasa nasa: PBB, BBB da RBB.

Na farko shi ne mai bushin, inda taya ke juyawa kai tsaye a kan sanda ko hannun riga mai santsi. Nauyi yana bazuwa a faffaɗan wuri, saboda haka yana jure a ɗaure shi tamau a bar shi kwana da kwanaki. Yana da araha, ba ya yawan neman kulawa, amma gogayyarsa ta fi yawa.

Na biyu shi ne mai 'ya'yan boris na roba. Kamfanin Harken, wanda 'yan'uwa biyu Peter da Olaf Harken suka kafa a jihar Wisconsin ta Amurka a 1967, da irin wannan fuli ya yi suna. Yana gudu ba wahala in nauyi bai yi yawa ba, shi ya sa ya dace da igiyar da ake ja ana saki a kai a kai. Rauninsa shi ne kowane ƙwallo a ɗan ɗigon wuri yake taɓa taya. In ƙwallayen na robar Delrin ne aka bar su ƙarƙashin babban nauyi ba motsi, sukan lotse, sai ka ji fuli na gurgur-gurgur idan ya juya. Na robar Torlon sun fi juriya, sun kuma fi tsada.

Na uku shi ne mai boris na 'yan sanduna a kwance, galibi na Torlon. Ya haɗa gudu da ɗaukar nauyi, amma kuɗinsa ya fi na sauran nesa ba kusa ba.

A shago, mai boris ne zai burge ka: ka kaɗa shi da yatsa ya yi ta juyawa. Sai dai juyawa ba kaya a kai ba ta gaya maka yadda zai yi ƙarƙashin kilo 700. Ka tuna irin tafiyar da kuke shiri. Ayarin jiragen ruwa na ARC, wanda Jimmy Cornell ya fara a 1986, yana tashi daga Las Palmas kowane watan Nuwamba ya nufi tsibirin Saint Lucia, tafiyar mil ɗin teku kusan 2,700. Jirgi irin naku zai yi kamar mako uku a hanya, kuma a tsawon wannan lokaci igiyar ɗaga filafili a ɗaure take, nauyi na kan wuri guda na fulin, igiyar ruwa na fizgarsa dare da rana. Aikin fulin gindin jigo ke nan a jirgin doguwar tafiya: riƙewa ya fi juyawa yawa.

Ga yadda zan raba muku. Igiyar ɗaga babban filafili ita ce ke da nauyi, ita ce kuma ake ja mita goma sha wani abu duk fita. In aljihu zai ɗauka, a nan za a sa mai 'yan sandunan Torlon. In ba haka ba, mai bushin mai babbar taya. Igiyoyin rage filafili idan iska ta tsananta su ma suna ɗaukar nauyi sosai, ana kuma jan su a lokacin da aka fi ƙagara: mai bushin na kirki, wanda girmansa bai gaza na igiyar ɗagawa ba. Igiyar filafilin gaba, in irin wanda ake naɗewa ne, sau ɗaya ake ɗaga ta a shekara a bar ta, mai bushin ya wadatar. Ƙananan igiyoyi, kamar wadda ke riƙe sandar kwance ta ƙasan babban filafili kada ta faɗo, su ne za ka iya ba mai 'ya'yan boris.

Zoben abokinka kuwa, gaskiyarsa rabi ce. Zoben alminiyom da ake ɗaurewa da zaren Dyneema ba shi da nauyi, ba abin da zai lalace a cikinsa, ƙarfinsa kuma ya wuce girmansa. Amma igiya goga shi take yi, ba juya shi ba, kuma a kwanar digiri 90 da igiya mai rigar foliyesta gogayyar ba kaɗan ba ce. Ya dace da igiyar da ba ta cika motsi ba, ya kuma dace a ajiye biyu a akwatin kayan gyara. A kan igiyar da kuke kuka da nauyinta, ƙara muku gumi zai yi.

Kada ka yi rowar girman taya. Babbar taya tana rage gogayya, tana kuma ƙara wa igiya kwana. Ga igiyar milimita 10, taya mai faɗin milimita 60 ko kusa da haka. Ga ta 12, gara ka haura 70. Kamfanoni irin su Harken, Lewmar, Ronstan, Seldén, Antal da Garhauer duk suna rubuta iyakar kaurin igiya a takardar kowane fuli, kuma igiyar da ta ɗan gaza iyakar ta fi gudu lafiya.

Abin da fuli ya rataya a kai

Yanzu ga ƙofar banɗaki. Kowace igiya da ta karya kwana a gindin jigo tana jan fulinta sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyinta, tana kuma jan sa baya da irin wannan ƙarfi. Haɗa igiyar babban filafili, da ta filafilin gaba, da ta ragewa, za ka ga abin da ke ɗaga zoben nan sama zai iya wuce tan guda. A jirgin da jigonsa ke zaune a kan rufi, ana shimfiɗa farantin ƙarfe mai huji-huji a ƙarƙashin jigon a maƙala fulin a kai. Igiya na jan farantin sama, jigo na danne shi ƙasa, sai ƙarfin biyu su cinye juna. Naku ba haka yake ba. Jigonku a ƙasan jirgi yake dannawa, zoben kuma a rufi yake, don haka rufin ne ke ɗagawa. Wayoyin da ke riƙe jigo ta gefe su ma suna matse cikin jirgin, suna ƙara tura rufin sama. In rufi ya ɗaga ko da 'yan milimita ne, bangon katako na ciki ya karkace, ƙofa ta cije.

Maganinsa sandar ƙarfe ce ko waya mai abin ɗaurewa, wadda ke haɗa rufin da mazaunin jigo a ƙasa, ko kuma gajerun sanduna da ke maƙale zoben da jikin jigon kansa, irin waɗanda Seldén ke yi. Ka shiga ɗaki ka duba gaba ko bayan jigo. In sandar tana nan, wataƙila ta yi sako-sako. In ka ga huji a sama da ƙasa ba komai a tsakani, wani daga cikin waɗanda suka mallaki jirgin a baya ya cire ta don ta tsone masa ido. Wannan shi ne aikin farko, kafin sayen fuli ko ɗaya, kuma a nan ya kamata ku kira mai haɗa jigo ya gani da idonsa. Irin waɗannan masu sana'a ba su da wuyar samu a bakin kogin Hamble, kusa da ku.

Sai zoben kansa. Inda ƙarfe mara tsatsa ya haɗu da alminiyom, ga ruwan gishiri a tsakani, alminiyom ɗin ne ke ciwuwa. Farin gari a gindin ƙusa shi ne alamar. Ka kwance kowace ƙusa da haƙuri, da ruwan zafi da man sassauta tsatsa, ka duba ko hujin ya faɗaɗa ko akwai tsaga mai kama da gashi. Wajen mayarwa a shafa Tef-Gel ko Duralac don raba ƙarafan biyu. Ƙusoshi da notuna su zama masu lambar A4, wato ƙarfe 316, domin A2 bai kai shi jure gishiri ba.

In har sai an huda rufi, a sani cewa yawancin rufin jiragen faiba fata biyu ne da katakon balsa ko soso a tsakani. Ruwa ya shiga nan, sai ruɓa. A yi hujin ya fi ƙusa faɗi, a cika shi da gam ɗin ifoksi mai kauri, in ya daskare a sake huda daidai girman ƙusa. A sa faffaɗan faranti ta ciki, ba ƙananan washa kaɗai ba, a toshe da tef ɗin butil ko Sikaflex 291. A guji gam mai kamun dindindin irin 3M 5200, domin wata rana za a so a cire.

Hanyar igiya

Fuli mai tsada da aka ɗaura a karkace bai fi tsohon da ka cire ba. Kafin ka sayi komai, ka ɗaura siririn zare daga kafar da igiya ke fitowa a jigo, zuwa inda fulin zai zauna, zuwa jeren tayoyin rufi, zuwa birki. Zaren zai nuna maka inda igiya za ta gogi kumatu, ko ta haye 'yar'uwarta, ko ta ci gefen murfin taga. Ka auna tsayin tayar daga rufi: in sabon fulin ya fi tsohon tsawo, igiya za ta shiga jeren tayoyin daga sama tana gurzar bakinsu. Ka auna sarari tsakanin hujin zoben ma, kada manyan fuli shida su riƙa karo da juna.

Fulin ya sami 'yancin karkata ya bi igiya, amma kada ya yi ta wulwulawa yana murɗe ta. Yawancinsu suna da ɗan makulli a wuya na hana juyawa. A sa masa sifirin ko takalmin roba da zai tsayar da shi, don kada ya riƙa bugun rufi in igiya ta yi sako-sako. Ƙarfen maƙalawa mai siffar U ya zama ƙarfinsa bai gaza na fulin ba, sandarsa ta cika hujin, nauyi ya bi tsawonsa, sannan a ɗaure kan sandar da siririyar waya kada girgiza ta kwance ta.

Kulawa da tsarin kashe kuɗi

Ruwan daɗi shi ne babban maganin fuli. A wanke shi ana juya tayar, lokaci-lokaci da ɗan sabulun wanke-wanke. Kada a sa giris, domin yana kama gishiri da ƙura su zama abin gurza. Wannan zai fi muhimmanci idan kun gangara kudu. Ƙurar Sahara tana sauka a Kanari, a tsibiran Kef Bad kuma hunturun nan da ka sani a gida ne ke isowa, da ƙurarsa. Takan rufe jirgi ja-wur, ta shige cikin kowane boris.

Ga jerin da zan bi in ni ne: sandar riƙe rufi da gyaran zobe, sai tayar ƙololuwa da igiyar ɗagawa, sai fulin babban filafili da na ragewa, sauran su biyo baya yadda hali ya samu. Ku sayi fuli ɗaya na ƙari mai girman na babbar igiya ku ajiye.

Idan an gama, ku fita mashigin Solent ranar da iska take matsakaiciya, ku ɗaga, ku rage, ku sake ɗagawa, mutum ɗaya yana kallon kowane fuli daga gefen gaba yayin da nauyi ke hawa. Kada kowa ya tsaya ko ya sa ƙafa a cikin kwanar da igiya ta karya, domin in wani abu ya tsinke, ta nan igiyar za ta miƙe da duk ƙarfinta. Bayan fita biyu ko uku a sake bin ƙusoshi da sifana, a kuma duba rigar igiya ko ta fara gashi a wani wuri, alamar akwai sauran inda take goga. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.